Falankin Baba Kofur

A gidanmu na Tsiga, in an gama cirar auduga, Iya, kakata ta wajen uba, takan hura wuta da kara a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha'i. Mu jikoki sai mu zagaye ta, kowa da masararsa a bakin garwashi. Tatsuniya muke roƙo, amma wani lokacin sai ta ce yau ba ƙarya, labarin mijinta za ta ba mu.

Baba Kofur, kakan da ban riska ba, ya yi yaƙin basasa. Da ya dawo sai ya shiga sana'ar katako a Funtuwa. Ran da aka fara sauke masa lodi, wani ɗan dako ya wurgo falanki daga saman mota, ya faɗi a kan wani, tau! Kafin a ankara Kofur yana ƙarƙashin mota, rub da ciki, hannu a ka. Kasuwa ta ɗauki dariya. Mu ma nan muke faɗuwa da dariya, Iya tana kwaikwayon yadda ya fito yana kakkaɓe riga.

Ta ce ta roƙe shi ya koma noma, ya ƙi. Washegari ya tara 'yan dako ya gaya musu gaskiya, cewa ƙarar nan kunnensa harbi yake jin ta. Ya ce duk wanda zai saki falanki ya fara cewa, "Kofur, ga shi nan." Da tsokana suka soma, har ya zama dokar rumfar.

Na taɓa tambayarta ko daga nan ya warke. Ta gyara wuta ta ce, "Ina fa, 'yar nan. Har ya koma ga Allah yana zabura. Ɓoyewar ce kawai ya daina."

Ban gane ba sai bana. Watan jiya 'yan bindiga suka tare motarmu a hanyar Danja. Na tsira a cikin gonar dawa, kwance, ina jin harbi a bayana. Tun ranar ban koma kemis ɗin da nake aiki ba. Salansar babur, bugun ƙofa, ƙarar turmi, duk sai in zabura in gudu ɗaki. In an tambaye ni sai in ce zazzaɓi ne. Mai kemis ya aiko cewa in ban fito ba zai ɗauki wata.

Yau da safe na ga Inna, mahaifiyata, ta jawo turmi. Na ce mata in za ta fara daka ta kira sunana tukuna. Ba ta tambaye ni dalili ba. Can ta ɗaga taɓarya ta ce, "Hauwa, zan fara."

Na zabura dai. Amma ban gudu ɗaki ba. Ina zaune har ta gama.