Man cin-da-zugu a injin babanmu

Lokacin da man gas ya yi wuya, injin niƙan babanmu a Gwandu ya kwanta. Ni ke kula da injin nan tun ina saurayi, har kunnena ɗaya ya toshe don ƙararsa. Tsoho kuwa ƙarfinsa ya ƙare, kowa ya san zai bar wa ɗayanmu injin, ko ni ko ƙanena. Ban taɓa tunanin akwai abin shawara a nan ba.

Sai ga ƙanen nawa ya dawo daga Kalgo, inda yake koyon kanikanci, da buhun ƙwayar cin-da-zugu, wannan da ake shinge da shi, ko akuya ba ta kallonsa. Wai mai zai tatsa. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ya daka, ya matse kamar na gyaɗa, ya tace a tsumma, ya ɗumama, ya sirka da kananzir, ya zuba a injin. Ya ce, "Yaya, murza mini."

Na murza ina fatan kada ya tashi, wallahi. Injin ya yi tari, ya yi tari, ya kama.

Mata dai suka ƙi kawo niƙa. Suka ce ƙwaya ɗaya ma tana sa gudawa, balle a ce hayaƙinta ya bi gari. Raina ya yi fari. Sai Baba ya sa aka niƙa dawarsa, aka tuƙa tuwo, ya shimfiɗa tabarma a bakin rumfar injin ya ci a gaban kowa, yana lasar yatsa. Bai taɓa zama a rumfar nan ba duk shekarun da na yi a cikinta. Kishi ya hana ni ko gaishe shi.

Da gari ya waye aka ga tsoho ya fito masallaci garau, sai ƙwarya ta yi layi har bakin hanya. Daga Masama ma a kan jaki ake kawowa.

Ni ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunana, ba ya faɗa mini magana ido da ido. Ranar kasuwa ina tsaye a gefensa, ya dubi ƙanena ya ce, "Riƙe injin. Wancan kuma ka gaya mishi ya tafi Maruda ya tsinto maka ƙwayar, ya san hanya."