Shekarar da Baba Ya Sauka Kwari

Da aka raba gadon kakanmu, Baba ne ya samu gonar tudu, ƙaninsa kuma, wanda muke kira Baffa, aka ba shi kwarin da ke bayan gari. Kowa ya san wanda aka cuta. Kwarin laka ne zalla, da damina ruwa yake kwanciya a ciki, da rani ya tsattsage kamar dugadugan tsohuwa. Baffa ya karɓa ya yi godiya a gaban mutane, sannan ya adana abin a ransa.

Gonar tudu kuwa tun kakan kakanmu ake ciyar da ita. Kowane rani Baba zai ɗora wa jakai itace, ya bi ta Bacirawa, lokacin tana ƙauye, ya shiga birni, ya dawo da mangaloli cike da toka da shara da kashin awaki. In ka damƙi ƙasarta sai ka ji ta da laushi kamar gari. A wajenmu gona tana gogar gona, babu wadda ake bari ta huta, saboda haka abin da ka zuba mata shi za ta ba ka.

Sai shekarun fari suka zo a jere. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. An fita roƙon ruwa da riguna a juye har sai da muka daina tuna wane ɓangare ne fuskar riga. Jakanmu suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya. A duk faɗin karkarar, kwarin Baffa ne kaɗai kore, yana yanke dawa shekara bayan shekara, Baba kuma yana wucewa ta gefe yana kallon ƙasa.

Bazarar da nake magana a kanta ta fi duk na baya zafi. Lokacin ina koyarwa a wata firamare wajen Shanono, ƙarƙashin rufin kwano, alli yana jiƙewa a hannuna. Ina zana wa yara yadda tururi ke tashi daga teku ya zama girgije ya sauko, yaran da ba su taɓa ganin teku ba, ruwan saman ma sun kusa mantawa. A rediyo masu hasashen yanayi suna ta nanata cewa bana za a yi ruwa mai yawa, da iska da tsawa. Da na zo gida ranar Juma'a na faɗa wa Baba.

Ya ce, “Bara ma haka suka ce, ɗan boko. Mutum yana zaune ƙarƙashin fanka, dole ya ji kamar hadari ya taso.”

A ranar na ji abin da ya ƙulla. Zai ba Baffa tudu, ya karɓi kwari.

Inna tana tankaɗe, ta ajiye rariya. “Malam, gonar ubanka?”

“Kwarin ma na ubana ne.”

“Uban naka da ya tashi zuba taki, a ina ya zuba?”

Baba ya ce sama ta canza hali, wanda bai canza tare da ita ba zai mutu da sungumi a hannu.

An yi musayar a zauren mai unguwa, gaban liman da dattawa, kowa yana fifita da bakin riga. Baffa ya sunkuyar da kai kamar wanda ake wa dole.

“Yaya, ka dai sake tunani. Kada gobe a ce na cuce ka.”

“Da ƙafata na zo.”

“To, jama'a kun ji. Da ƙafarsa ya zo.”

Aka shafa Fatiha, aka raba goro. A bakin ƙofa Baffa ya ce wa Baba in da shi ne, dawa zai sa, ko ma shinkafa. Baba ya ce shinkafa sai Sallah, dawa kuma sai mutum ya gama ramewa take nuna. Rumbunmu babu komai sai ɓeraye masu haƙuri, gero ne ke fara kai wa mayunwaci ɗauki. Iyakar abin da ya sani ke nan, kuma a kan tudu gaskiya ne.

Ruwan farko ya zo bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta ɗauke dangar kara ta ajiye a gidan maƙwabta, cida tana gurnani kamar ana mirgina turame a sama. Aka tsuge da ruwa. Na ga tsofaffi suna kuka a tsakar gida, ba su ko nemi mafaka ba. Washegari gari ya fita shuka.

Da farko geron Baba ya fi na kowa. Ya yi baƙi, ya yi kauri, har yana kiran masu wucewa su gani. Amma ruwan bai ɗauke ba. Aka shiga marka, sama ta rufe, yau ruwa gobe ruwa, soraye suna zubewa. Ruwa kuma bai san an shafa Fatiha ba, inda ya saba zuwa can ya nufa. Kunyoyi suka nutse. Baba ya shiga har cinya da fartanya yana haƙa magudana, alhali kwarin shi ne magudanar gari duka. Har ruwan tsohuwar gonarsa yana gangarowa masa, baƙi da takin da ya yi shekaru yana ɗaukowa daga birni. Gero ya yi rawaya, ya kwanta, ya ruɓe. Warin yana zuwa har masallaci. Kwaɗi ne kawai suka yi shekara mai albarka a gonar.

Na raka shi wajen Baffa. Mun same shi a tudu, gero ya shanye kansa, zangarniya kamar damtse. Baba ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa, kafin ya ce ko za a duba maganar nan.

“Wace magana, Yaya?”

“Ka sani.”

“Ai ni na ce ka sake tunani. Liman yana nan da ransa.” Ya karya wani ganye yana murzawa. “Shekara nawa na yi a cikin lakar can, ka taɓa cewa a duba?”

Baba ya ce Allah ya ba mu alheri. Muka juyo.

Da kaka ta yi, wata safiya sai ga Baffa da jaki a ƙofar gidanmu, ɗauke da dammunan gero. Ya sauke su a zaure, ya goge hannu a riga.

“Zakka ce na fitar, Yaya. Liman ya ce na kusa ya fi cancanta.”

Inna tana bayan ƙyaure, na ji numfashinta. Na ɗauka Baba zai ce a mayar. Ya dubi dammunan, ya dubi ƙofar cikin gida inda tun jiya ba a ɗora tukunya ba, ya ce, “Allah ya karɓa.”

Bayan Baffa ya tafi ya tsuguna, ya zaro zangarniya ɗaya, ya murza tsabar a tafin hannunsa, ya hura, ya daɗe yana dubawa.

“Baffanka bai yi maimai da wuri ba,” in ji shi, wato noma na biyu.

Sannan ya kira Inna ya ce ta zo ta ɗiba ta sussuka.