Askar Yaya Mai Keke

Yayata tela ce. A layinmu kowa Mai Keke yake ce mata, don ƙarar keken ɗinkinta ce ke tashin maƙwabta da safe. Taurin kai gare ta, kuma ni shaida ne, tunda a hannunta na tashi. In kana son ta yi abu, ka ce mata ba za ta iya ba.

Mijinta direban babbar mota ne, ana ce masa Tsaf saboda tsabtarsa. Ko daga doguwar tafiya ya dawo, ba ya shiga gida sai ya biya wurin wani tsoho mai aski a bakin tasha, an gyara masa fuska da aska. Reza ba ta karɓe shi ba, ƙuraje take fesa masa, injin aski kuwa ya ce susa ce kawai. Tsohon ya rasu. Ba a daɗe ba Tsaf ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana sai da ƙyar.

Da aka sallamo shi daga asibiti gemu ya cika masa fuska. Wansa, wanda muke ce wa Babban Wa, ya kawo wani mai shagon aski har gida. Ina wurin. Mutumin ya maƙale waya a kafaɗa yana hira da wani, ya damƙi haɓar Tsaf yana juya ta kamar mai taya akuya. Da miyau ya zubo daga gefen bakin da ya karkace, sai ya yatsina fuska ya goge hannu a rigar Tsaf ɗin. Na ga hawaye a idon mutumin nan, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Daga ranar Tsaf ya juya fuska bango. Abokan aikinsa su zo dubiya, ya ƙi a shigo da su. A kawo mai aski, ya ja bargo ya rufe kai. Likita ya ce in bai riƙa tashi yana fita ba, ɗaya ƙafar ma za ta bi 'yar'uwarta. Shi kuwa ba zai fita da wannan fuskar ba.

Rannan sai ga Yaya ta dawo daga kasuwa da aska mai naɗewa da ɗan dutsen washi.

Na ce, "Yaya, wannan fa?"

Ta ce, "Idonka ya mutu ne? Aska ce. Zauna, Auta, ka ara mini haɓarka."

Ina da mata da 'ya'ya, amma na zauna. Abin da ta yi mini ba aski ba ne, tuge ne. Na tashi fuska duk tsaga, matata ta tambaye ni ko faɗa na yi da kyanwa. Yaya ko a jikinta. Ta ce askar ce ba ta da kaifi, za ta gyara ta.

Nan telancin ya cuce ta. Ta saba wasa almakashi, sai ta riƙa ɗaga bayan askar tana goga bakin a dutse da ƙarfi. In ta gama ta jawo ƙyalle daga kwandon ɗinki ta tsarga, ta ga ya rabu, ta ce ta yi. Ba ta san cewa duk tsargawa ɗaya kashe bakin take ba. Kullum wasawa, kullum askar ƙara dakushewa take, haɓata kuwa na shan wahala.

Babban Wa ya ji labari ya zo. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ɗinki, ya ƙi zama.

"Ashe abin da nake ji gaskiya ne? Ke da allura aka san ki. Wuyan ƙanina ba yadi ba ne."

Yaya ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya Babba. A kawo ruwa?"

"Ban zo shan ruwa ba. In ba za ki iya da shi ba, in kwashe shi in kai gidana."

"Mai askin da kuka kawo ai ya iya. Ga shi can ya bar muku shi yana kallon bango."

Ya fita yana cewa zai dawo da mota ranar da ya shirya. Ita kuwa ta ɗauki dutsenta ta koma ɗakin mijinta, ta ce daga yau a nan za ta riƙa washi, wanda ƙarar ta dama ya yi magana.

Ai kuwa ya yi. Tana cikin ƙarzar askar nan sai ta ji ana buga katakon gado. Tsaf ne, ya juyo, yana zare mata ido. Shekara da shekaru yana zaune a kujerar tsohon nan yana kallon hannunsa, ba zai iya jin ana wulaƙanta aska ya yi shiru ba. Ya miƙo hannun hagu ya danne askar a kan dutse, baya da baki duk suka kwanta.

Ya ce, "Kwan-ce."

Wannan ce kalmar farko da ya yi mata ba don neman ruwa ko fitsari ba. Ta ce, "To, ranka ya daɗe, ashe da baki."

Haka makarantar ta buɗe. Ta ɗiga ruwa a dutse, ta tura askar a kwance ba tare da dannawa ba. In ta ɗaga, a buga gado. Ta kai hannu kwandon ƙyalle, a buga gado har sau biyu. Ya nuna mata gashin hannunta, a nan ake gwaji. Ya nuna tsohon bel ɗinsa na fata da ke rataye a ƙusa, ta ɗaura shi a ƙarfen taga ta ja ya miƙe. Da ta goga askar a kai ta tura baki gaba ta yanke fatar bel ɗin, ya runtse ido kamar shi aka yanka. A kan fata baya ke yin gaba, in an kai ƙarshe a juya ta kan bayan. Bayan aski a goge ta ta bushe, a shafa mata ɗigon man keke. Faɗa suke yi sosai, ita da baki, shi da katako. Ni dai na ga amfanin faɗan, don haɓata ta fara hutawa.

Ranar da Babban Wa ya zo da motar, ya tarar da Tsaf a kan kujera, tawul a wuya, fuska duk kumfa. Yaya ta gama kunci ɗaya, ta koma ɓarin da ya shanye, inda fatar ta saki. Ta ja ta da yatsu biyu ta ɗora aska. Babban Wa ya daka tsawa daga bakin ƙofa, hannunta ya motsa, jini ya biyo kumfa.

"Kin gani ko! Auta, karɓe abin nan daga hannunta!"

Ban motsa ba. Amma Yaya, wadda ban taɓa ganin ta ja da baya ba, ta sauke hannu. Ta dubi jinin ta ce a hankali, "Baban yara, ka yi haƙuri."

Tsaf bai dubi wansa ba. Ya lalubo wuyan hannunta da hannunsa mai lafiya, ya ɗago shi da askar a ciki, ya kai kan maƙogwaronsa. Sannan ya ɗaga haɓa sama.

Ya ce, "Ƙa-ra-sa."

Ta share ido da gefen ɗankwali ta ƙarasa, ɗakin tsit sai sautin askar. Da ta goge masa fuska ta miƙa madubi, ya daɗe yana kallo. Babban Wa ya ce to a kama shi a sa a mota. Tsaf ya girgiza kai, ya nuna kujerar da yake kai, ya nuna ƙofar gida, wato a waje zai zauna.

Ni na ɗauki kujerar. Shi kuma ya dafa kafaɗar Yaya, yana jan ƙafa, suka bi ta gefen motar suka wuce.