Ambrose Tolley, Mai Aron Baki

A garinmu Stratford na ƙasar Ingila, mutumin da ya mutu shekara ɗari huɗu da suka wuce shi ke ciyar da masu rai. Marubucin wasan kwaikwayo ne, a nan aka haife shi, a nan aka binne shi, kuma 'yan gari ba ma wahalar kiran sunansa. Tsoho kawai muke cewa. Fuskarsa na jikin kofin shayi, tana jikin tawul, direban tasi ma in ka taɓa shi zai zubo maka baiti biyu. Amma duk garin babu wanda Tsoho ya riƙe wa wuya kamar Ambrose Tolley.

An haifi Ambrose a shekarar 1944, a wani ɗan gida bayan gada. Ubansa gyaran kwale-kwalen haya yake yi a bakin kogi. Tun da yaron ya fara magana aka gane yana da i'ina, irin mai tsananin nan da kalma ke maƙalewa a maƙogwaro har jijiyar wuya ta tashi. A makaranta Tsohuwar Mota suke ce masa, wai sai an tura yake tashi. Uban kuwa ba shi da haƙurin jira. Da yaron ya fara kokawa da kalma sai ya ce, "Nuna min da hannu, ina da aiki."

Yana shekara goma sha ɗaya, wata malama mai suna Malama Pargeter ta ba 'yan ajinsu haddar baitoci ashirin daga wasan Tsoho. Da layi ya zo kan Ambrose, yara suka fara toshe baki tun bai miƙe ba. Ya miƙe, ya kafa ido a bango, ya buɗe baki. Baitocin suka fito sumul daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya, cikin wata murya mai kauri da ba wanda ya san yana da ita. Malamar ta cire tabarau ta ce, "Tolley, ina ka ɓoye wannan muryar?" Ya so ya ce bai sani ba, sai kalmar ta maƙale, dariya ta dawo.

Daga ranar ya gane yadda lamarinsa yake. In maganar Tsoho ce, harshensa a sake yake. In tasa ce, a ɗaure. Sai ya duƙufa kan hadda. Kafin ya kai ashirin ya haddace fiye da rabin wasannin, har ya iya zaɓo baitin da ya dace da kowane hali. In ruwa ya tsuge yana da baitin ruwa, in an ba shi haushi yana da na zagi, kuma Tsoho ya iya zagi.

Yana da goma sha tara aka ɗauke shi a ɗaya daga gidajen wasan garin, a matsayin mai riƙe mashi. Aikinsa ya tsaya a bayan sarki, ya yi shiru, in an kashe sarkin ya taya ɗaukar gawa. Shekara goma sha huɗu yana wannan. Abokinsa Cyril Hobday, kafintan gidan, kullum sai ya tsokane shi. "Sarki nawa ka binne wannan makon, Ambrose? Kai da mai tonon kabari ba ku da maraba, sai dai shi ana barinsa ya yi magana."

A ɗakin wankin kayan wasa ya haɗu da Beryl, wata gajeriyar yarinya mai jajayen hannaye saboda ruwan zafi. Wata uku yana zuwa yana zuba mata baitocin soyayya tana guga, ba ta ce masa ci kanka ba. Ran nan a wajen jiran bas ta juyo ta ce, "Ambrose, na ji na Tsoho, ya iya magana, Allah ya ji ƙansa. Kai me ka ce?" Ya fara. Bas ta zo ta wuce, Beryl ba ta motsa ba, ba ta kuma ƙarasa masa kalmar ba yadda kowa ke yi. Da ƙyar ya fitar da kalma huɗu. Ta ce, "To, na yarda. Amma ka sa na rasa bas." Suka yi aure da bazara, bayan shekara biyu suka haifi 'yarsu ɗaya tilo, Hazel.

Sau ɗaya tak aka ba shi magana a kan dandamali. Wasan rana ne, mai fitowa a ɗan aike ya kwanta da mura, aka ce Ambrose ya maye gurbinsa. Layi uku ne, ya san su kamar sunansa. Ya shigo da gudu ya durƙusa gaban sarki. Sai mai fitowa a sarkin, wani dattijo da kansa ya fara rikicewa, ya manta nasa layin, ya dube shi ya ƙirƙiro tasa maganar ya ce, "To, kai kuma daga ina?" Wannan tambaya ba ta cikin littafi. Ambrose ya nemi amsa daga kansa, harshe ya ƙi. Ya tsaya a durƙushe yana ta maimaita harafi ɗaya, gumi na zuba, har mutum ɗari takwas suka fashe da dariya, sun ɗauka cikin wasan ne. Ba wanda ya kore shi. Shi ne washegari ya mayar da mashin ɗakin ajiya, bai sake taka dandamalin ba.

Beryl ta mai da gidansu masaukin baƙi, ɗaki huɗu da karin kumallo. Ita ke soya ƙwai da naman alade, ita ke amsa waya, ita ke ciniki da mai madara. Ambrose kuwa, da shekaru suka ja, sanƙo ya cinye masa gaban kai, ya tsayar da ɗan gemu, sai mutane suka fara cewa ya yi kama da hoton Tsoho. Beryl ta ɗinka masa riga irin ta zamanin da, mai faffaɗan farin wuya. Ya riƙa tsayawa a bakin titin kasuwa, baƙi daga Japan da Amurka suna ɗaukar hoto da shi, yana yi musu baiti suna jefa masa fam ɗaya a hula. Shekara ashirin da shida ya yi a wannan kwanar, zafi da sanyi. In baƙo ya tambaye shi hanyar banɗaki, sai ya nuna da hannu.

Hazel ta taso tana jin kunyar abin. Ƙawayenta na ce mata 'yar gunki. Amma ba wannan ya fi ci mata rai ba. Ranar da ta faɗi jarrabawa ta dawo tana kuka, uban ya dafa kanta ya karanto mata baitin haƙuri. Ranar da saurayinta ya yaudare ta, baiti. Ta taɓa ce wa uwar, "Mama, ni ban san Baba ba. Littafi ne ke zaune a kujerarsa." Beryl ta ce, "Ba kya jira ne. Ki zauna ki jira shi, yana ciki." Hazel ba ta iya jiran ba. Tana gama makaranta ta tafi birnin Leeds, ta zama ma'aikaciyar jinya, ta ce ita da gidan wasa har abada.

Beryl ta rasu a watan Nuwamba na 2009, bayan jinyar wata biyar. Kwana huɗu Ambrose ya yi a teburin kicin yana rubuta abin da zai faɗa a coci, da kalmominsa, a bayan takardar odar madara. Ya rubuta yadda take ƙona burodi kullum ta ce haka baƙi ke so, da yadda take barci da safa ɗaya. Hazel ta gani ta ce, "Baba, ko in karanta maka?" Ya girgiza kai.

Cocin ya cika, har da tsofaffin 'yan wasa da Beryl ta yi wa wanki shekaru. Ambrose ya hau mumbari da takardarsa a hannu. Kalmar farko sunanta ne. Ya haɗa leɓe zai fitar da shi, ya ƙi fita. Ya sake, ya ƙi. Fuskarsa ta yi ja, wani ya yi tari, wata a baya ta fara motsa jaka. Ya duba layin gaba inda mai jiransa ta saba zama, ba kowa sai Hazel ta sunkuyar da kai. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ɗaga kai, ya saki baitocin wani sarki da ke makokin matarsa. Muryar ta cika cocin har rufi. Mutane suka yi ta share hawaye. Da ya kai ƙarshe, wani tsohon ɗan wasa ya manta inda yake, ya tafa sau biyu kafin matarsa ta riƙe masa hannu. Hazel ta tashi ta fita.

Bayan an watse ya same ta a kicin tana wanke kofuna da ƙarfi kamar za ta fasa su.

"Shekara arba'in da ɗaya tana soya maka ƙwai," in ji ta, ba ta juyo ba. "Kalma ɗaya taka ba ta samu ba? Har tafi aka yi maka, Baba. A jana'izar Mama."

Ya buɗe baki. Ta ɗaga hannu mai kumfa. "In na Tsoho ne, riƙe abinka."

Ya tsaya yana kokawa da kalma, ita kuma ta ba shi baya tana jiran abin da ba ta yarda zai zo ba. Da ta gaji ta goge hannu ta hau sama. Da safe ta koma Leeds.

Tun daga ranar Ambrose bai sake furta baiti ko ɗaya ba. Bai yi rantsuwa a gaban kowa ba, dainawa kawai ya yi. Ya aske gemun, ya sayar da gidan, ya koma wani ɗan ɗaki a bene na biyu bayan tashar jirgin ƙasa. Da yake baitin ne rabin maganarsa, sai ya zama kusan bebe. A shago yakan nuna abin da yake so da yatsa. Cyril kan zo duk Laraba da kifi da soyayyen dankali a takarda, ya yi ta surutu shi kaɗai. Wata rana ya ce, "Haba Ambrose, ko zagi ɗaya ka yi min na Tsoho, na yi kewarsa." Ambrose ya yi murmushi ya tura masa gishiri.

Hazel kan zo sau biyu a shekara. Ta huce, ta ma ba shi haƙuri a zuwanta na farko, ya gyaɗa kai. Sukan zauna su kalli talabijin. Wani lokaci yakan fara wata magana, ta ajiye kofi ta tattara hankalinta ta jira, amma da ya ga tana jira da gangan sai abin ya ƙara ɗaurewa, ya yi mata alamar a bar shi. Haka suka yi shekara bakwai.

Ya rasu a watan Fabrairu, sanyi ya kama masa ƙirji, kwana shida a asibiti. Hazel ta roƙi limamin cocin, wani sabon zuwa, kada a karanta komai na Tsoho. Ya yi alkawari, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa. Amma cikin ɗan jawabin limamin na minti biyar, Cyril ya ƙirga maganganu uku da asalinsu daga wasannin suke, sun narke cikin bakin mutane har limamin bai san aro ya yi ba. Hazel ma ba ta lura ba, Cyril kuma bai gaya mata ba.

Mutum goma sha ɗaya ne suka raka shi makabarta. Hazel ta kwana biyu tana kwashe ɗakin, ta kai kayan sawarsa shagon da ke karɓar gwanjo don sadaka, ta miƙa wa mai gidan makulli, ta kama jirgin ƙarfe huɗu.