Nonon da Aka Rufe da Toka

Yayata, wadda muke kira Adda, ta haihu a Shagari a daminar da kaya suka fara ɓacewa a kasuwa, gab da ƙarewar mulkin farar hula na wancan zamani. Sabulu ya yi wuya, madarar gwangwani kuwa sai dai a ba ka labarinta. Ni ina aure a Bodinga, ina goyon 'yata ta fari. Namiji Adda ta haifa, ƙato, mai yawan gashi. Aka yi suna lafiya, aka ci aka watse.

Bayan suna ne barci ya ƙaurace mata. Matar da sai ka ja ta da hira kafin ta ce uffan, sai ga ta tana zuba magana ba numfashi. Ta share tsakar gidansu, ta tsallaka ta share ta maƙwabta. Ta rabar da kwanonin jerenta ga duk wadda ta shigo barka. Tana dariya, tana waƙa, tana cewa ɗanta zai gina mata gidan bene. Amma ko sau ɗaya ba ta yi wa jaririn wani abu ba. Wannan ina so a ji shi da kyau, don daga baya an yi ta ƙarya a kai. In ya yi kuka takan tsaya cak a tsakiyar magana, ta zauna ta ba shi nono.

Da aka aiko mini, na hau motar kasuwa da goyona. Na tarar da uwar mijinta, wadda muke ce wa Gwaggo, ta riga ta yanke hukunci. Kowa a yankin ya san Innarmu ta taɓa irin wannan ciwo bayan ta haifi Adda, ta warke, ta ci gaba da rayuwarta. Gwaggo ta ɗauko wannan tsohon zance ta kakkaɓe shi. A wurinmu an yarda cewa hali da cuta a nono ake shan su. To, Adda ta sha a nonon Inna, in ji ta, kuma ba za a shayar da jikanta ba.

Ungozomar da ta karɓi haihuwar, baiwar Allah, ta so ta raba gardama. Akwai yadda ake gwada nono: a tatsa a ludayi, a kamo tururuwa a jefa. In ta mutu, nono ya ɓaci, sai a nemi magani. In ta fita da rai, lafiya lau. Aka tatsa, aka jefa, matan gida duk muka sunkuya a kan ludayi. Tururuwa ta yi iyo ta kama gefe, ta fito, ta bi hannun ungozoma ta yi tafiyarta. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi.

Gwaggo ta taɓe baki ta ce, "Hauka ba shi kashe tururuwa. Ɗan ga ba shi ƙara shan nonon ga."

To don me aka yi gwajin? Har yau ban sami mai ba ni amsa ba. Na durƙusa na ce, "Gwaggo, don Allah ki ba ni shi. Ga ni da goyo, nono ya ishe su su biyu. In ta samu sauƙi sai in maido mata."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da ita ba nono guda kunka sha ba?"

Wallahi da ba don girman furfura ba, da ranar an ji mu a bakin kasuwa. Abin da ya fi ƙona mini rai, a gidan nan nasu akwai ƙanen mahaifin mijin Adda, dattijon da ya shekara da shekaru a ɗakin baya yana gardama da mutanen da babu mai ganinsu sai shi. Shi ba a ce masa mahaukaci. An ce karatu ne ya yi masa yawa, ya leƙa abin da bai kamata ba. Har sadaka ake kai masa a nemi addu'a. Nasu karatu ne, namu kuwa hauka.

Aka ɗauke jaririn aka kai shi ƙauyen Horo Birni, wurin matar wan mijin, wadda ke shayarwa. Shekarar ruwa ya ɗauke da wuri, gero bai yi ba, matar ita kanta ba ƙoshi take yi ba. Yaran biyu suka rame. Aka riƙa haɗa masa da nonon akuya. Adda kuwa ƙirjinta ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta. Takan zaga bayan ɗaki ta tatse a ƙasa, sai Gwaggo ta sa a bi wurin da toka a rufe, wai kada kaji su tsattsaga. Na ga wannan da idona. Ana can yaro na kukan yunwa, ana nan ana binne abincinsa.

Daga nan surutun ya mutu, Adda ta koma shiru, ba ci ba magana. Mijina, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaya muka kai ta asibiti a Sakkwato. Magani a lokacin yau akwai gobe babu, amma abin da aka samu ya yi aiki. Kafin a cire albasar rani Adda ta dawo hayyacinta sarai. Abu na farko da ta tambaya shi ne ɗanta.

Aka ce ta bari a yaye shi. Da aka yaye shi, aka ce ya saba da can. Mijin nata ba mugu ba ne, amma irin mutanen nan ne da ba su iya cewa a'a a gaban uwarsu ko da gida zai kama wuta. Auren ya mutu a hankali, ta dawo wurina Bodinga, tana ɗinkin hula. Ciwon ya sake leƙo ta sau da dama a rayuwa, ta sha magani, ya lafa. Ta yi renon 'ya'yana duka, ba wanda ya taɓa ko ƙwarzane a hannunta.

Ranar kasuwar Shagari takan shirya ta tafi, wai kai huluna. Ƙarya ce, mun sani. 'Yan Horo Birni na cin kasuwar, wani lokaci a zo da yaron. Takan saya masa ƙuli-ƙuli ko rake, ta tsaya daga nesa har ta sami wanda zai miƙa. An gaya masa ita ce ta haife shi, an kuma gaya masa sauran. Ya tashi yana gaishe ta a tsaye, da sauri, yana kallon gefe. Adda yake ce mata, kamar kowa.

Ya girma ya zama ɗan kasuwar albasa, yana saro ta a fadamun Danchadi. Saurayi mai hankali, har an fara zancen aurensa. Sai barci ya ƙaurace masa. Ya fara zuba magana, ya rabar da buhunan albasa ga mutanen tasha, ya ce shi zai ciyar da ƙasar nan gaba ɗaya. Gwaggo ta daɗe da rasuwa. Dangin ubansa suka yi ta fama, rubutu, hayaƙi, har ɗaure shi sun yi. Da suka gaji, sai ga su a ƙofar gidana da shi a bayan mota, sawun igiya a hannuwansa. Wan uban ya ce, "Ga abinku nan mun kawo muku."

Abinmu! Yana da lafiya nasu ne. Na buɗe baki zan wanke shi tas, Adda ta riƙe mini hannu. Ta wuce ni ta kama ɗanta ta shigar da shi ɗaki. Ranar ce ya fara kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita tun yana cikin tsumma.

Mu biyu muka kai shi asibiti. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya tambayi ko akwai mai irin ciwon a dangi. Adda ta sunkuyar da kai ta ce ita ce, da mahaifiyarta. Ya ce, "Ta wajen uba fa, Hajiya?" Ban jira ta ba, na ba shi labarin dattijon ɗakin baya. Ya gyaɗa kai. Ya ce masu bincike sun daɗe suna bin irin waɗannan cututtuka a cikin zuri'a. Gado yana da hannu, amma ba abu ɗaya ba ne da mutum ɗaya ke miƙa wa ɗansa. Ƙananan abubuwa ne masu yawa a cikin halitta, suna iya zuwa ta uwa, suna iya zuwa ta uba, wahalar rayuwa kuma ta ƙara nata. Ya ce da yawa daga 'ya'yan masu ciwon ba sa kamuwa har su mutu.

Adda ta ɗago. Muryarta ta yi ƙasa ƙwarai. "Likita, nono fa?"

Bai gane ba, sai da na yi masa bayani. Ya ce, "A'a. Ba a shan wannan a nono. Abin da zai gada, ya riga ya gada tun yana ciki."

Ni dai raina ya gama ɓaci. Na so a ce Gwaggo tana raye in ɗauko ta in zaunar da ita a kan bencin nan ta ji. An ce ba a faɗa da matattu, ina yi mata addu'a kamar yadda addini ya ce, amma ban yafe ba, kuma ba zan yi ƙaryar na yafe ba.

A motar komawa Bodinga allurar da aka yi masa ta sa yaron barci, kansa ya faɗo a kafaɗar Adda, ƙaton mutum mai gemu. Ba ta motsa ba don kada ya farka. A haka muka wuce rabin hanya. Can na ga ta ɗora tafin hannu a ƙirjinta, a kan mayafi, ta ce a hankali, ba da ni take ba:

"Ashe da na ba shi ya sha."