Tocila a Rijiyar Alhaji Mudi

Duk ƙasar Gozaki, in rijiya ta ƙafe ko ta yi wari, Ɗanasabe ake kira. Gajere ne kakkaura, ga taurin kan da ko matarsa Marka ta gaji ta sallama masa. Shekara talatin yana yasar rijiya, bai taɓa fito da gawar abokin aiki ba. Dokarsa guda ce: kafin mutum ya sauka, sai an zura fitilar aci-balbal cikin ƙwarya har ƙasa. In ta dawo tana ci, a shiga. In ta mutu, iskar ciki ba ta shaƙuwa, ba mai sauka.

Kada ku ɗauka maƙiyin zamani ne. Shi ya fara sayen tocila a ƙauyensu, kuma tun kafin ya kai gida ya zauna a gindin ɗorawa ya warware ta, don shi abin da bai ga hanjinsa ba bai yarda da shi ba.

A kakar 1964 Alhaji Mudi, mai sayen auduga a Funtua, ya aiko a kira shi. Tsohuwar rijiya ce a tsakar gidansa, shekara shida a rufe da itace da ƙasa. Ɗanasabe ya tafi da Sulemanu, mijin 'yarsa Laraba, wanda shi ke sauka yanzu tunda gwiwoyin tsohon sun fara gardama. Suka buɗe rijiya da hantsi. Ga auduga jibge kewaye da ita, ta kusa kai tsawon katanga.

Ɗanasabe na fito da ashana, Alhaji ya riƙe masa hannu.

"Wuta a tsakiyar audugata? Kana da hankali kuwa?"

"To a kwashe ta, Alhaji."

"Motar ɗauka sai mako mai zuwa, ni kuwa yau nake son ruwa. Ungo wannan, ta fi aci-balbal ɗinka haske sau goma."

Ya miƙo sabuwar tocila. Sulemanu ya ɗaura mata zare ya zura ta, ta sauka har ƙasa tana haske tar, ta dawo tana haske. Ya tuɓe riga ya fara ɗaura igiya a ƙugu.

"Baba, ai ba ta mutu ba," in ji shi.

Haushi ya turnuƙe Ɗanasabe. Ya karɓi tocilar ya kwance gindinta, ya zazzago batir, ya cire ƙwan. Ya ɗora ƙwan a kan batir ɗaya, ya ɗauki guntuwar waya ya haɗa gindin batir da gefen ƙwan. Siririn zaren da ke ciki ya yi ja. Ya ɗaga wayar, ya mutu. Ya mayar, ya kama.

"Kun gani? Abincinsa daga batir yake fitowa, ya bi waya, ya ratsa zaren nan, ya koma batir. Hanyar nan kaɗai ya sani. Shi kuma a kulle yake cikin gilashi, ina ruwansa da iska?"

Ya tsoma hannunsa duka, da batir da ƙwan, cikin wani tulun ruwa da ke inuwa, ya ce su leƙa. Ƙwan na can ƙarƙashin ruwa yana ci abinsa.

"Abin da ke ci a cikin ruwa shi zai gaya mini ko mutum zai yi numfashi a rami? Haba Alhaji."

Alhaji Mudi ya ce shi ba karatu ya kira su ba, in tsoro tsohon yake ji ya koma gefe. Sulemanu kuwa, da aka ambaci tsoro a gaban jama'a, sai ya zura ƙafa ɗaya a bakin rijiya.

Tun da aka ɗaura auren Laraba, Ɗanasabe bai taɓa kiran sunan surukinsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. Ranar ya ajiye kunya. Ya damƙi wuyansa ya fizgo shi baya, ya zare wuƙa ya hau igiyar nan tasa ta rama, wadda ya yi wata biyu yana tufkawa. Ya yi mata gunduwa-gunduwa, ko akuya ba a ɗaurewa da abin da ya rage.

"Sai ka sauka da fukafukai, Sulemanu."

Alhaji ya kore su, ya kuma baza a kasuwa cewa mai yasar Gozaki ya taɓu. Suka dawo gida. Sulemanu ya daina zuwa gaisuwa. Abin ya yi wa Ɗanasabe ciwo ƙwarai, amma ya ce da Marka ko gobe aka sake, haka zai yi.

Bayan kwana goma aka kwashe audugar, Alhaji ya ɗauko wani mai yasa daga Dandume. Wannan ya zura aci-balbal. Ko zurfin gaba huɗu ba ta kai ba ta mutu. Ya sake kunnawa sau uku, sau uku tana mutuwa.

Labarin ya iso Gozaki ranar kasuwa. Da la'asar Ɗanasabe na zaune a ƙofar gida, sai ga Sulemanu da damin rama a ka, Laraba na biye da shi da goyo. Ya sauke, ya durƙusa ya gaida shi, ya kasa ɗaga ido. Ɗanasabe ya daɗe yana kallon 'yarsa da abin da ke bayanta. Sannan ya jawo ramar ya fara tufka sabuwar igiya, ya miƙa wa surukinsa bakinta ɗaya.

"Riƙe nan da kyau. Kai za ta ɗauka, ba ni ba."