Wadda Ta Ga Barcin Monica

Monica 'yar Manga ce, kuma duk wanda ya tashi a can ya san gidansu, don uwarta ce ke dafa burkutun da ya fi na kowa a garin. Ita kuwa tun tana budurwa ta kama coci, ta ce ita da wannan ƙwarya har abada. Ta auri soja, ta bi shi bariki-bariki, da ya rasu ta kwaso 'ya'yanta ta dawo Zuru tana sayar da daddawa a kasuwa. Amma da murya aka fi saninta. A zumuntar mata ita ke ɗaga waƙa sauran su amsa, aminiyarta Goodness na gefenta tana kaɗa tulu. Tare suka yi ƙuruciya, rana ɗaya aka yi musu baftisma.

Sai jiki ya fara juya mata. Ta yi ƙiba ba tare da ta ƙara loma ba, fuska ta kumbura, murya ta dushe, magana ta yi nauyi. Ana tsakiyar bazara tana lulluɓe da zane biyu. Barci kuwa ba a magana: tana cikin ƙulla daddawa kai zai faɗi, ana wa'azi a ji minshari daga layin mata. Kullum ta kwana ta tashi kamar wadda ta yini tana huɗa.

A taron zumunta na shekara da aka yi a Dabai, mata suka kwana a azuzuwan makaranta, ita da Goodness tabarma ɗaya. Ba a daɗe da dawowa ba dattawan ikilisiya suka aika a kira ta.

"Maman Dinah," in ji babbansu, "an ce kin koma wa abin gidanku. Wadda ta kwana kusa da ke ita ta shaida mana. Ta ce irin barcin da kika yi, sai wanda ya sha ya yi tatul."

Monica ta rantse har ta yi kuka, amma muryar da ta rantse da ita ma sai ta zama shaida a kanta. Aka sa ta horo: ta koma bencin baya, ba waƙa, ba cin jibin Ubangiji. A kasuwa masu baki suka samu na yi, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan bai ƙona mata rai kamar sunan da ba a faɗa ba amma ta sani. Da ɗan gari akan ci gari.

Dinah, babbar 'yarta, ce ta zo daga Kontagora ta lura wuyan uwarta ya tasa, ta ja ta asibiti tana turjewa. Likita ya latsa wuyan, ya sa ta haɗiyi yawu, ya leƙa harshe, ya tura a ɗebi jini. Da sakamako ya fito ya zaunar da su.

"Mama, maƙoƙo ne ya fara. Akwai wata tsoka a nan gaban wuya da muke ce wa tayirod, taki ta yi sanyi da aiki. In ta yi haka jiki yakan mutu, harshe da maƙogwaro su yi kauri, sai hanyar iska ta riƙa toshewa in kina barci. Shi ya sa barcin ba ya ƙosar da ke. Na'urar da ke auna numfashin mai barci sai an je babban asibiti. Kafin nan ina son wanda ya taɓa ganin barcinki."

Monica ita kaɗai ke kwana tun rasuwar mijinta. A duk faɗin Zuru mutum ɗaya ce ta kwana gefenta ta ga barcinta. Ta haɗiye takaici, ta aiki Dinah gidan Goodness.

Goodness ta zo, ta zauna a bakin kujera, ta yi bayani tiryan-tiryan.

"Sai ta yi ta minshari, likita, sai kuma ta yi tsit. Ƙirji na motsi amma ba numfashi. Har na sa hannu a hancinta. Can sai ta shaƙe ta zabura, ta sake komawa. Haka ta yi ta yi har gari ya waye."

Likita na rubutawa yana gyaɗa kai, ya ce ai alamar ciwon ke nan. Monica ta juyo ta dubi Goodness.

"Ashe kin ga numfashina na tsayawa, Maman Praise? Kika sa hannu a hancina, gari ya waye ba ki ce mini komai ba, sai wajen dattawa kika nufa?"

Goodness ta ce ita ta ɗauka giya ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Aka ɗora Monica a kan ƙwaya ɗaya kowace safiya, aka ce in minsharin bai lafa ba dole a je gwajin barci. A hankali fuska ta saɓe, gyangyaɗi ya ragu, murya ta fara dawowa. Dinah da kanta ta je ta warware wa dattawa komai, suka ce za su gyara ranar Lahadi.

Ranar Lahadin, Monica ta ɗaura sabon zane. Bayan wa'azi babban dattijo ya miƙe ya ce, a yi murna, 'yar'uwarmu Monica ta tuba, horonta ya ƙare. Ba maganar ciwo, ba maganar likita. Coci ya ɗauki tafi.

Monica ta tsaya cak a baya, ta kafe Goodness da ido. Ita ce ta ji komai da kunnenta a ɗakin likita, kalma ɗaya daga bakinta ta isa. Goodness ta sunkuyar da kai, ta jawo tulunta tsakanin gwiwoyi, ta fara kaɗa waƙar maraba da mai zunubi.